Cen ɗin keke a tukunyar kaki: abin da narkakken kyandir ke yi wanda baƙin mai ya kasa

Duk wanda ya taɓa hawan keke da farin wando ya san tabon nan da ke fitowa a ƙafar dama, baƙi ƙirin, wanda sabulu ba ya fitarwa sai an sha cuɗa. Mun saba da shi har mun ɗauka haka Allah ya yi cen, dole ya yi baƙi, dole ya yi danƙo. In ya fara ƙara sai a tsaya wurin mai gyara, ya tsoma gashin kaza ko tsohon buroshi a gwangwanin baƙin mai ya shafa, ƙarar ta ɗauke, kowa ya kama gabansa. To amma yau akwai masu keke da yawa da suka daina sa wa cen mai kwata-kwata. Cire shi suke yi, su tsoma a tukunyar narkakken kaki irin wanda ake yin kyandir da shi, su rataye ya sandare, su mayar. Sai ka damƙi cen ɗin bayan tafiyar kilomita 100, hannunka ya fito fes. Da farko na ɗauka ƙaƙale ne irin na masu abin hannu. Da na bi diddigin dalilin sai na tarar hujjar tana da ƙarfi, kuma ta fi ƙarfi a ƙasa mai ƙura irin tamu fiye da ƙasashen da aka fi yayin abin.

Kafin a gane hikimar, sai an san inda cen ke cinyewa. In ka ɗora shi a tafin hannu ka duba da kyau, abu huɗu ne ke ta maimaituwa: fallayen ƙarfe na waje, fallaye na ciki, 'yar ƙusa da ta ratsa su ta haɗa, sai ɗan zobe da ke kewaye da ƙusar, wanda shi ne ke faɗawa tsakanin haƙora. Daga tsakiyar ƙusa zuwa tsakiyar ta gaba rabin inci ne, wato milimita 12.7, kuma awon nan ɗaya ne ko a tsohon Raleigh na kakanninmu ko a keken tseren Faransa. Asalin tsarin na Hans Renold ne, wanda ya ƙera irin wannan cen a Manchesta ta Ingila a 1880, shekara 5 kafin John Kemp Starley ya fito da keken Rover, uban kekunan da muke hawa yau. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, gogayyar da ke cin cen a ciki take, tsakanin ƙusa da ramin da take juyawa, da kuma ƙarƙashin zoben. Bayan cen, inda ido ke gani, inda kuma buroshin mai gyara ke sauka, ba ya bukatar ko ɗigo.

Gogayyar kuwa ba ta wasa ba ce. A ce keke mara giya ne, farantin gabansa haƙora 44, mai shi yana juya feda sau 60 a minti. Gaɓoɓi 2,640 ke nan suke wucewa kowane minti. Kowace gaɓa tana lanƙwashewa ko miƙewa a wuri 4: in za ta hau farantin gaba, in za ta sauka, in za ta hau haƙoran baya, in za ta sauka. Motsi 10,560 ke nan a minti ɗaya, wasunsu ma a lokacin da ƙafa ta danna da dukkan ƙarfinta. Keke mai giya, wanda cen ɗinsa ke ratsa ƙarin 'yan ƙananan farantai biyu a baya, wurarensa 8 ne.

Shi ya sa in aka ce cen ya saki, ko ya yi tsawo, mutane kan zaci ƙarfen ne ya ja kamar roba. Ƙarfen bai ja ba. Ƙusoshin ne suka sirance, ramukansu suka yi faɗi, kowace gaɓa ta samu ɗan wasa, 'yan wasannin suka taru suka zama tsawo. Ana iya aunawa da rula: a sabon cen, gaɓoɓi 24 inci 12 ne cif. In ya ƙaru da kimanin milimita 1.5, wato kashi 0.5 cikin ɗari, masu keken da ke da giya 11 ko 12 a baya sukan canza shi nan take. Keke mara giya yana jurewa har kashi 1 cikin ɗari. Bayan nan cen ɗin ya daina zama daidai a haƙora, sai ya fara cin su, su lanƙwashe kamar farcen shaho. Daga nan ko ka sa sabon cen sai ya riƙa tsalle, dole ka haɗa da firiwil, wato haƙoran baya, da farantin gaba. Asarar da ta fara da abu mai araha ta koma ta abu uku.

Me ke cin ƙusar haka? Ƙarfe a kan ƙarfe yana ci, amma a hankali. Babban ɓarawon shi ne ƙura. Yawancin yashi da ƙurar hanya ɓarɓashin dutsen ƙanƙara ne. A ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, mai hawa 10, dutsen nan yana kan 7, ƙarfen wuƙa ma bai kai nan ba. Mu kuwa ba sai mun je neman ƙura ba. Daga Nuwamba har zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ta daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, ta sauke mana a kan komai. In cen yana jiƙe da mai, duk ƙwayar ƙurar da ta taɓa shi ta zauna ke nan. Motsin nan dubu goma a minti yana tsotse ta zuwa ciki, ta cakuɗe da man, ta zama kwaɓi irin wanda bakanike ke goge bawul ɗin inji da shi. Baƙin da muke gani a wando garin ƙarfen da aka riga aka niƙe ne, gauraye da ƙura da mai. Abin takaici, duk lokacin da aka ƙara sabon mai a kan cen mai datti, man yana wanke ƙurar da ke waje ya kai ta ciki. Ƙarar ta ɗauke, amma cin ya ƙaru. Shi baƙin mai da aka tsiyayo daga inji kuwa da nasa dattin yake zuwa, toka da ɓurɓushin ƙarfe, kuma yawan taɓa fata da shi yana da illa ga lafiya.

A 1999 wasu injiniyoyi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, ƙarƙashin James Spicer, sun auna yawan ƙarfin da ke salwanta tsakanin feda da tayar baya. Sun tarar cen yana iya isar da kashi 98.6 cikin ɗari na ƙarfin da aka ba shi, yana kuma iya sauka zuwa kashi 81, gwargwadon girman farantan haƙora da yadda cen ɗin ya ɗaure. Abin da ya ba su mamaki shi ne, a ɗakin gwaji mai tsabta irin man da aka sa bai kawo wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Spicer ya yi hasashen cewa babban aikin mai a kan hanya shi ne cike gurbin da datti zai shiga in an bar shi a buɗe. Wannan ba izini ba ne a bar cen a bushe, domin busasshen cen yana tsatsa, yana ihu, yana cinyewa. Amma hasashen ya sauya tambayar. In dai cike gurbi ne aikin, to abin da ya fi dacewa shi ne wanda zai cike gurbin ba tare da ya gayyato ƙura ba.

A nan kaki ya shigo. Kakin farafin daga ɗanyen man fetur ake tace shi a yau. Wani Bajamushe masanin sinadarai, Karl von Reichenbach, shi ya fara ware shi a 1830, kuma sunan daga kalmomin Latin biyu yake, masu nufin abin da ba ya son haɗuwa da wasu. (A kula: a Ingila kananzir ma farafin suke ce masa, don haka in ana neman saye a tabbatar daskararre ne, fari, kamar kyandir.) Yana narkewa tsakanin digiri 46 zuwa 68 a ma'aunin Selshiyos, gwargwadon irinsa. In ya narke ya fi man gyaɗa tsinkewa, yana kutsawa duk inda iska za ta iya shiga a cikin gaɓa. In ya huce sai ya daskare a can ciki, ya zama siririn rufi mai santsi tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Saboda busasshe ne, ƙura ba ta samun abin kamawa. Wadda ta ɗan liƙe a waje kuma tana faɗuwa tare da ɓarɓashin kakin da ke zubewa yayin tafiya. Mai yana tara datti kullum, kaki yana zubar da shi kullum. Bambancin ke nan gaba ɗaya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun da daɗewa masu yawon duniya a keke suke narkar da farafin a gwangwani, masu babur a Ingila ma sun yi zamanin dafa cen a faranti mai ɗauke da narkakken giris. Abin da ya dawo da ita gaba shi ne awo. Wani injiniya mai suna Jason Smith ya kafa ɗakin gwaji mai suna Friction Facts a Boulder ta jihar Kolorado, ya ƙera na'urar da ke juya cen da ƙarfin wat 250 tana auna abin da ya ɓace. A 2013 mujallar VeloNews ta buga sakamakon gwajin da suka yi tare a kan mayuka iri-iri, sai ga farafin zalla, mafi arha a cikinsu, ya zo na ɗaya. Da aka watsa wa cen ɗin yashi da ruwa aka sake aunawa, shi ne wanda kusan bai motsa daga matsayinsa ba. Smith ya kuma bayyana haɗin da yake amfani da shi a fili: fam 1 na farafin, wato giram 454, da giram 5 na garin Teflon (sinadarin da ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama), da giram 1 na wani baƙin gari mai santsi na molibdinum. A 2016 kamfanin CeramicSpeed na Denmak ya saye ɗakin gwajin.

Tazarar da Smith ya auna 'yan wat ne ƙalilan. Ga ɗan tsere da ake raba shi da abokin karawarsa da daƙiƙa ɗaya, wannan dukiya ce. Ga mai kai madara kasuwa ko ɗalibi mai zuwa makaranta, ba zai ma ji ta a ƙafa ba. Gwajin da ya fi shafar talaka shi ne na Adam Kerin, mai Zero Friction Cycling a Adelaide ta Ostireliya, domin shi cinyewar cen yake aunawa. Yana juya cen a na'ura zango-zango, kowane zango kilomita 1,000: wani a tsabta, wani ana zuba masa busasshen yashi, wani yashi da ruwa. Mayuka da dama sukan cinye cen ɗin tun kafin a kai ƙarshen gwajin. Kakin da ake tsomawa kuwa, musamman a zangon busasshen yashi, cin da yake bari kaɗan ne ainun. Gaskiya ne Kerin yana sayar da kaki da cen, haka ma kamfanonin Silca da Molten Speed Wax na Amurka da ke tallar nasu haɗin, don haka mai karatu yana da damar ya sa ido. Sai dai abin da suke faɗa ya dace da abin da hannu ke iya tabbatarwa: shafa yatsa a cen mai kaki bayan mako biyu na hunturu, ka shafa a na mai, ka kwatanta.

Wahalar aikin duk a ranar farko take, kuma a nan mafi yawan masu gwadawa suke faɗuwa. Kaki ba ya kama ƙarfen da ke da maiƙo. Sabon cen yana zuwa da giris ɗin masana'anta har cikin gaɓoɓinsa, kuma in ba a fitar da shi tas ba, kakin zai zauna a kan giris ɗin ne, ya zube cikin 'yan kilomitoci, sannan ya gurɓata tukunyar. Ana sa cen a kwalba mai murfi, a zuba kananzir, a girgiza, a bar shi ya jiƙa, a zubar, a sake, har sai abin da ke fitowa ya yi garau. Kananzir kansa yana barin ɗan maiƙo, don haka sai a bi da sifirit sau biyu ko uku, a shanya ya bushe sarai. Wasu da fetur suke yi. Yana wankewa, amma tururinsa na kama wuta daga nesa, ban ga dalilin ɗaukar wannan kasada a gidan da ake girki ba. Farantin gaba da haƙoran baya su ma sai an wanke su, in ba haka ba za su mayar wa cen ɗin maiƙon da aka sha wahalar cirewa. Cen da ya riga ya tsufa a cikin baƙin mai kuwa, a bar shi ya ƙarasa kwanansa. Da sabo ake farawa.

Narkarwar tana son natsuwa. A Turai da Amurka ƙaramar tukunyar lantarki suke amfani da ita. Inda wuta ba ta tsayawa, tukunya cikin tukunya ta wadatar, har ta fi aminci: a sa kakin a gwangwani mai faɗi, a ɗora gwangwanin cikin tukunyar ruwa, a ɗora a murhu. Muddin akwai ruwa a tukunyar, zafin ba zai wuce digiri 100 ba, shi kuwa aikin tsakanin 70 da 90 yake so. Kada a ɗora kaki kai tsaye a kan gawayi ko gas. In ya yi zafi fiye da kima yana hayaƙi, yana kuma iya kamawa da wuta kamar man suya, kuma irin wannan wutar ba a zuba mata ruwa, rufe ta ake yi da murfi. A zura cen ɗin a lanƙwasasshiyar waya, tsohon sifok ɗin keke ma ya yi, a nutsar da shi. Da farko kakin zai daskare a jikinsa saboda ƙarfen da sanyi. A jira ya sake narkewa, minti 10 zuwa 15, ana ɗan kaɗawa. Za a ga 'yan kumfa suna tasowa: iskar da ke cikin gaɓoɓi ce ke fita, kaki na maye gurbinta. In kumfan sun tsaya, a ɗaga, a bar shi ya tsiyaye, a rataye.

In ya huce zai sandare kamar sanda. Sai a bi shi gaɓa-gaɓa ana lanƙwasawa da hannu, ko a ja shi a kan muciya, a mayar a keke. Minti 20 na farko zai yi ɗan nauyi, farin ɓarɓashi na zuba, daga nan ya saki ya yi shiru. Cen mai makulli, wato gaɓar nan da ake ɓallewa ba tare da an fitar da ƙusa ba, shi ke sa aikin ya yi sauƙi. Daga ranar nan babu sauran kananzir. In lokacin sabuntawa ya yi, gogewa kawai za a yi da tsumma a mayar tukunya. In ya sha laka, a zuba masa tafasasshen ruwa tsohon kakin ya narke ya tafi da dattin, a busar da shi sosai tukuna. Doka ɗaya ce ba a karyawa: kada a ɗiga masa mai, ko da mai gyara ya miƙo buroshi don kyautatawa.

Kowane allazi da nasa amanu, na kaki shi ne ruwa. Mai yana malala ya koma inda aka goge shi, kaki in ya goge ya tafi ke nan. Ruwan sama da laka suna kankare shi da sauri, kuma ƙarfen da ya tsiraita yana iya wayar gari da jan tsatsa. A Ingila ko Holan, inda ake iya samun ruwa kowane wata, wannan babbar matsala ce. A Kano ko Zinder ko Sakkwato damina 'yan watanni ce, sauran shekara rani ne da ƙura, wato yanayin da kaki ya fi ƙwarewa a ciki. Da damina, wanda ruwa ya doka ya goge cen ɗin ya bushe da ya isa gida, ya sake tsomawa da wuri. Akwai kuma kakin kwalba, wanda aka dama da ruwa ake ɗigawa kamar mai, irin su Squirt na Afirka ta Kudu. Ana sawa da dare, ruwan ya bushe kafin safe, kakin ya zauna. Bai kai tsomawa shiga ciki ba, amma yana riƙe cen tsakanin tukunya da tukunya. Zafin bazara fa? Ko ranar da Kano ta haura digiri 40, iska ba ta kai inda kaki ke narkewa ba. Sai dai ƙarfen da aka bari a tsakar rana ya fi iska zafi, don haka kakin da ya fi tauri ya fi dacewa da mu, kuma a riƙa jingine keke a inuwa.

Ba kowane keke ne ke bukatar wannan ba. Tsofaffin Raleigh da Phoenix masu rufaffen gidan cen sun riga sun warware matsalar ta wata hanya, sun hana ƙurar isowa tun farko. Kamfanin Sunbeam na Ingila ma har ɗan tafkin mai ya yi a cikin gidan cen ɗin kekunansa, cen na wucewa yana wanka. Wanda murfinsa ke nan lafiya, ya ɗiga mai mai tsabta lokaci-lokaci ya huta, kuma ina roƙonsa kada ya cire murfin don yana ƙara, ya ɗaure shi. Kaki na kekunan da cen ɗinsu ke waje ne, musamman masu giya irin na gwanjo da suka cika kasuwanninmu, waɗanda ba a iya yi musu murfi, kayan gyaransu kuma suna da tsada da wuyar samu. Babur kuma a cire shi daga wannan lissafi, gudunsa da zafin cen ɗinsa daban ne.

Saura tambayar da kowa zai yi: kyandir ɗin kanti zai yi? Zai yi, in fari ne mara ƙamshi mara launi, amma ba duka ba. Kyandir mai arha yakan ƙunshi ragowar mai a cikinsa, shi kuwa farafin da aka tace sosai mansa bai kai kashi 0.5 cikin ɗari ba. Gwajin mai sauƙi ne: murza shi tsakanin yatsu, in ya bar maiƙo zai kama ƙura, in ya karye ƙwas ya bar yatsa a bushe to ya yi. Kakin zuma, duk da muna da shi a gida kuma sai ya kai wajen digiri 62 yake narkewa, yana da danƙo, shi kaɗai ba ya ba da tsabtar da ake nema. Garin Teflon ɗin da ke haɗin Smith kuwa ni ban ba da shawararsa ba. Ba ya ruɓewa in ya zuba a ƙasa, kuma amfanin da yake ƙarawa na 'yan tsere ne. Farafin zalla shi ne ya ci gwajin 2013 tun kafin a ƙara masa komai.

Masu harkar sukan sake tsomawa bayan kimanin kilomita 300 a busasshiyar hanya. Ga mai tafiyar kilomita 10 a rana, sau ɗaya ke nan a wata. Mai tafiya da yawa yakan ajiye cen biyu ko uku, ya tsoma su rana ɗaya, ya riƙa musanyawa. Ba sai an riƙe lissafi ba ma, kunne ya isa: cen mai kaki shiru yake tafiya, ranar da ka fara jin wani busasshen sauti siriri kamar ana kaɗa makullai daga nesa, kakin ciki ya ƙare, a kwance shi a daren. Kakin da ke gwangwani kuma ana ta maimaita shi. In ya daskare ka juye shi ka ga gindinsa ya yi toka-toka da dattin da ya kwanta, ka kankare wannan sashen da wuƙa ka zubar, ka mayar da sauran.